Fayil Ɗin Malam Iliyasu

Panyu, Guangzhou

Ummi, 'yata kuma uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mamanki da ƙannenki da duk wanda ke gidan. Allah ya tsare min ku, ya tsare ƙofar da za ki fita da wadda za ki shiga. Ni ma ina nan lafiya, ban da zafin garin nan da ke sa mutum ya jiƙe kafin ya kai bakin titi.

Ranar da na kira ki kika ce takardar ɗaukar aiki ta fito, ina tsakiyar kasuwar Guangyuan da ƙunshin rigunan yara a kafaɗa. Na yi kabbara da ƙarfi har 'yar Chana mai shagon ta leƙo, ta zaci wuta ce ta tashi. Na yi murna ƙwarai, Ummi. Na so a ce ni zan raka ki har sakatariyar ƙaramar hukumarmu, in damƙa ki a hannun gwaggonki da za ki zauna a wurinta. Amma kin san yadda wasannin Olamfik ɗin nan suka sa aka ƙuntata biza. Wanda ya fita yanzu ba shi da tabbacin komowa, rabin mutanenmu sun tafi ba su dawo ba. Shi ya sa na ba Alhaji Sani, wanda nake yi wa sayayya, wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu.

A wayar nan kin tambaye ni, "Baba, kai me ya sa ka bar aikin gwamnati?" Na ce miki kati ya ƙare. Kati bai ƙare ba. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon mamanki, kuma amsar tambayarki tana cikinsa. Ina so ki san abin da ke ciki kafin ki zauna a kan kujerar ofis ko sau ɗaya ne. Ban san da wane ido za ki dube ni ba in kin gama karantawa, kuma wannan ne ya hana ni sukuni sati biyu ke nan. Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa.

Wani tsoho Ba'indiye ne ya tono min maganar. Ɗansa Manju maƙwabcina ne, ƙofarmu na kallon juna, yana sayen tayil yana aikawa ƙasarsu. Uban ya zo ne da niyyar wucewa Beijing kallon wasanni, sai gwiwarsa ta kumbura, ya ƙare da kallo a talabijin kamar kowa. Ni Baban Manju nake ce masa, don sunansa ya fi ƙarfin harshena. Mun saba a kan bencin da ke ƙasan benenmu, tsofaffi biyu da kasuwa ta yi wa sanyi. Ranar farko na ce masa ai ni da fim ɗin Indiya na girma, har na jefa masa kalmomi biyu da na haddace a silima. Ya dube ni kamar na yi masa Fulatanci. Ashe ba yarensu ba ne. Su mutanen kudu ne, yarensu Kannada, suna da nasu finafinan da nasu jaruman, kamar yadda mu a Kano muke da namu, na Legas suna da nasu. Shekara arba'in ina ɗauka duk Indiya baki ɗaya suke magana.

Da turancinmu na tsofaffin akawuna muka fahimci juna, ya ba ni tarihinsa. Ma'aikaci ne a ofishin filaye na jiharsu. Ranar hutu yana wasan kwaikwayo a dandamali, wani darakta ya gan shi ya sa shi a fim. Ya fara da ɗaukar hutu, ya ƙare da ajiye aiki. Kullum rawa ɗaya ake ba shi, ta jami'in gwamnati mai gaskiya, wanda zai buga tebur ya kori azzalumi ya mayar wa talaka gonarsa. Mutane suka ƙaunace shi, wata jam'iyya ta tsayar da shi, ya ci zaɓen majalisar jiha. Yana faɗa, kaina na ɗaurewa. Hanyar da na bi ke nan sak, taki bayan taki, ofis, fim, siyasa. Shi ta kai shi majalisa, ni ta kawo ni ɗaukar ƙunshin riguna a Guangyuan, ina tambayar riga mai lamba goma sha biyu ana ce min "meyo, meyo," wato babu.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya gayyace ni ɗakinsu. Ya haɗa min kofi a ɗan kofin ƙarfe, ya sa min faifan wani fim ɗinsa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga mutum. In ya ɗaga gira sai ka gyara zama. Da ya ƙare ya ce saura nawa. Na ɗan yi jan ƙafa, sannan na haye na ɗauko faifan da kika sani, wanda aka juyo daga tsohon kaset, inda na fito a akawu Dawo-Gobe. Yana ta dariya ko da bai jin Hausa, don mugun akawu ko'ina kamarsa ɗaya. Har muka zo wurin da tsohon nan na cikin fim ya durƙusa yana roƙo, ni kuma na ɗauki fayil ɗinsa na wurga ta taga ya faɗa kwata. Nan Baban Manju ya daina dariya. Ya karɓi rimot ya mayar baya, ya tsayar da hoton.

Ya ce, "Abokina, wannan ba kayan fim ba ne."

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Fayil ɗin fim sabo ne, cikinsa fararen takardu. Dubi gefen wannan, ya yi baƙi da yatsun mutane. Dubi igiyar, an kwance an ɗaure ta fi sau hamsin. Kuma dubi hannunka. Ɗan wasa cafkar fayil yake yi. Kai ka tallafe shi ta ƙasa don kada takarda ta zube, sannan ka tuna an ce ka jefar. Shekara goma sha biyar na yi a ofis, ba za ka ɓoye min wannan ba. Na wane ne?"

Shekaru nawa mutane suna kallon fim ɗin nan, a Kano da Maraɗi da Kumasi. Sai a Chana, a ɗakin wanda bai san ko "sannu" ba, aka yi min tambayar. Na ajiye kofin, na faɗa masa abin da ko mamanki ban taɓa faɗa wa ba. Shi ne zan faɗa miki yanzu.

Kuskurena na farko shi ne na raina aikin da nake ci da shi. Ina sashen rajista a wata ma'aikata, inda duk fayil ke shiga ya fita. Ina ganin kaina na fi ƙarfin wurin. Jikina na ofis, hankalina na wurin da muke gwajin wasa da yamma. Mutum zai taso daga ƙauye tun asuba ya tsaya a gabana, ni ina bitar layukan da zan faɗa a zuciyata. Fayil a wurina kaya ne kawai da ke cika tebur. Ummi, in kin zauna a ofis, duk fayil ɗin da aka ajiye a gabanki ki tuna wani ne ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau ya hau mota saboda shi. Ki karanta sunan da ke kai a hankali. In aikin ya gundure ki, ki bar shi da mutunci, amma kada ki zauna a kai rabinki yana wani wuri.

Ranar da za a ɗauki wancan wurin na fim, darakta ya ce fayil ɗin da suka haɗa bai yi kama da na gaske ba. Ya ce, "Kai da kake cikinsu, ba za ka aro mana ɗaya ba? Awa biyu ne a mayar." Ranar Juma'a ce, an tashi da wuri. Na koma ofis na zari na saman tebur, ban ko duba ba, na sa a ƙarƙashin riga. Ban san za a jefa shi a kwata ba, ana cikin ɗauka darakta ya ƙirƙiro hakan. Da na so, da na ce a'a. Amma mutane sun taru, kyamara na kaina, karo na farko da aka ba ni babbar rawa. Na jefa. Darakta ya ce haske bai yi ba, a sake. Aka tsamo aka girgije, na sake jefawa. Sau uku.

Da aka watse na koma gefe na buɗe. Na wani Malam Iliyasu ne, malamin asibiti a ƙauyen Kwanar Tsamiya. Yana neman a mayar da shi cikin birni saboda matarsa na da ciwon da sai an riƙa kai ta babban asibiti duk sati, ga hanyar garinsu ba ta biyuwa da damina. Ya rubuta sau uku, da rubutu mai kyau irin na mutanen da. Ruwan kwata ya cinye rabin tawadar. Amma shafin ƙarshe bai jiƙe sosai ba, kuma a kansa babban sakatare ya rubuta da koren biro cewa an amince. Abin da ya rage kawai in kai wa mai buga tafireta ranar Litinin a fitar masa da takarda.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da idona buɗe na yi shi. Da na kai fayil ɗin ranar Litinin yadda yake, na ce ga abin da na aikata, da an yi min faɗa, wataƙila a ba ni takardar gargaɗi, amma sa hannun na nan, da aikin mutumin ya fita. Na ji kunya. Na shanya shi a bayan ɗaki, na naɗe a tsohon zanen mamanki, na jefa a ƙasan akwati, na ce sai na yi tunani. Malam Iliyasu ya zo ranar Laraba, dogo siriri mai tabarau, ya gaishe ni da ladabi. Na buɗe durowa na rufe, na ce ya dawo gobe. Da bakina na faɗa, kalmar da nake faɗa a fim ana dariya. Ya dawo, ya sake dawowa. A zuwa na huɗu na ce masa fayil ya ɓata, ya sake rubutowa. Ya sake. Kafin sabon ya hau sama an canza babban sakatare, wanda ya zo ya dakatar da duk wani canjin wurin aiki. 'Yata, in kin yi ɓarna a ofis, ki faɗa a ranar, kafin ki ci abincin rana. Kunyar ranar farko ƙarama ce, kwana ɗaya take yi. Tawa ta girme ki a aiki, ga ta har Chana ta biyo ni.

Fim ya fita ya karɓu. Duk inda na bi sai a ce "Dawo-Gobe!" Masu shayi ba sa barin in wuce sai na zauna. Na gaya wa kowa na bar aiki ne saboda fim ya fi, haka na gaya wa mamanki, kuma ita ma sai bayan na miƙa takardar ajiye aiki ta ji, a bakin matar maƙwabci. Kwana uku ba ta yi min magana ba, tana da gaskiya. Amma ainihin dalilin shi ne na kasa zama a kan teburin nan. Duk wanda ya turo ƙofa sai in yi tsammanin mai tabarau ne. Ki riƙe wannan ma, duk shawarar da za ta canza abincin gida, mutanen gidan su fara ji kafin 'yan waje. Kuma ki riƙa tambayar kanki, abin nan da nake gudu zuwa gare shi, son sa nake yi, ko wani abu nake gudu daga baya? Ni har yau ban san amsar tawa ba. Na so wasan kwaikwayo da gaske, Allah ya sani. Amma da ban jefa fayil ɗin nan ba, zan bar ofis? Ban sani ba.

Na uku shi ne siyasa, wannan kam kin ɗan tuna, kina firamare. Wasu suka zo suka ce sunana ya shiga ko'ina, in fito takarar majalisar jiha a yankinmu. Na yarda cikin minti biyar. Mai buga fosta ya ce ba wanda ya san sunana na yanka, don haka ya sa hotona da hular akawun fim, a ƙasa ya rubuta Dawo-Gobe da manyan baƙaƙe. Na duba na ce ya yi kyau. Ki yi tunani, Ummi, mutum mai hankali yana neman a ba shi amanar jama'a, ya liƙa a kowane bango cewa sunansa Dawo-Gobe. Mamanki ce kaɗai ta ce, "Malam, wa zai zaɓi wanda ya yi alkawarin ba zai yi yau ba?" Na ce mata ba ta san siyasa ba.

Duk ƙauyen da muka shiga sai ya cika. Ana ihu, ana cewa in maimaita abin da nake faɗa a fim, in na faɗa a kwashe da dariya. Na ɗauka ƙuri'a ce. Har muka je Kwanar Tsamiya. Na so in kauce, amma tana cikin jerin, ba ni da dalilin da zan bayar. Na gama jawabi a gindin bishiya ina sauka daga kan tebur, sai ga shi a gabana. Ya rame, tabaran nan dai su ne. Ya miƙo hannu muka gaisa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga fayil ɗina a fim. A gidan maƙwabcina aka sa kaset, na ce a mayar baya har sau uku. Sunana ne a bangon. Ashe bai ɓata ba."

Sai na ji bakina ya ce, "Yaya mai jiki?"

Ya ce, "Ta riga mu gidan gaskiya, damina biyu ke nan. Allah ya ba mai rabo sa'a."

Ya juya ya tafi. Bai ɗaga murya ba, bai tara min jama'a ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na faɗi zaɓe mummunar faɗuwa, akwatin mazaɓarmu ma ban kawo ba. Ban san ko ya gaya wa wani ba, ina jin bai gaya ba. Mutane dai sun zo kallon wasa ne kyauta, ranar zaɓe suka zaɓi wanda suke so. Daga nan fim ya ja baya da ni, yara sababbi suka taso, Alhaji Sani ya ce in zo in riƙa yi masa sayayya a nan. Nasihata a nan gajera ce, wanda ya yi miki dariya daban, wanda ya yarda da ke daban. A ofis za ki sami masu cewa "Hajiya, Hajiya" tun ba ki je Makka ba. Ki amsa da fara'a, amma kada ki ɗora komai a kai.

Da na gama ba Baban Manju labari, ruwa ya tsagaita, a talabijin ana nuna masu ninkaya ba murya. Na ce masa shi kam ya more, ya fito a mutumin kirki, aka zaɓe shi a mutumin kirki. Ya yi wata dariya marar daɗi.

Ya ce, "Ba ni suka zaɓa ba, wancan na cikin fim suka zaɓa. Kullum da safe ƙofar gidana cike take da mutane, kowa da takardar koke a hannu. Sun ga ina buga tebur gona ta dawo kafin a tashi daga silima. A majalisa na buga tebur, ba wanda ya waiwayo. Na karɓi takardun ina cewa za a duba. Shekara biyar, buhu huɗu. Ko kashi ɗaya cikin goma ban iya yi ba. Kai fayil ɗaya ka jefa a kwata, kowa ya gani. Ni buhu huɗu na ajiye a busasshen ɗaki, ana rataya min furanni."

Na ce, "To wa ya fi laifi, ni ko kai?"

Ya ce, "Ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Ya ce bayan ya faɗi zaɓe na biyu, matarsa ta ce a ƙone buhunan, sun cika ɗaki. Ya kasa. Sai ya riƙa ɗibar takardun kaɗan-kaɗan, yana hawa bas yana bin adireshin da ke jiki, yana mayar wa masu su, yana cewa ga takardarka, ban iya ba. Wasu sun zage shi. Wasu sun ba shi kofi. Wata tsohuwa ta karɓa ta ce dama ta san ɗan fim ne. Da yawa ya tarar sun mutu. Na tambaye shi ko hakan ya amfani wani. Ya ce bai sani ba, amma takarda tana da mai ita, kuma ba shi ba ne.

Tun ranar nan kaina a ɗaure yake, Ummi. In na hau jirgin ƙasa daga Panyu zuwa kasuwa sai in wuce tashar da zan sauka. Shekaranjiya na sayi rigunan mata a maimakon na yara, mai shagon tana ta kiran "lawban, lawban," wato maigida, tana nuna min takardar oda, ni ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba. Ina ta juya abu ɗaya. Da takardar ta fita, matar nan za ta rayu? Kwana na Allah ne, na sani, haka nake gaya wa kaina shekara da shekaru. Amma wahalar hanyar da ta sha duk sati a bayan a-kori-kura, wannan ba kwana ba ne, wannan ni ne. Kuma ban san ko daidai ne uba ya ɗora wa 'yarsa irin wannan kaya a satin da take murna ba. Uba na gari nasiha yake bayarwa, ya ce ki yi salla a kan lokaci, ki kama kanki, ki girmama na gaba. Duk ki yi waɗannan, kin ma fi ni sanin su. Ni abin da nake da shi ke nan da ba za ki ji a bakin kowa ba.

Na so in jira sai na dawo in kai da kaina, kamar yadda Baban Manju ya yi. Da na faɗa masa haka ya tambaye ni yaushe zan koma. Na ce sai biza ta daidaita, wataƙila bayan sallah, wataƙila baɗi. Ya dube ni ta saman tabarau. Ni da kaina na ji abin da na faɗa. Gobe ce dai na sake cewa.

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba. In kin ga ba za ki iya ba, ba ki yi min laifi ba. Ki fara ba mamanki takardar nan ta karanta, ko ki karanta mata. Ta riga ta ji labarin barin aikina a bakin wata, kada ta ji wannan ma a waje. Makullin akwatin yana aljihun babbar rigar da na yi kamfe da ita, shuɗiyar nan da ke rataye a bayan ƙofa. Ki ɗaga kayan wasan da ragowar fostocin, a can ƙasa za ki ga ƙunshin zane. Kada ki goge shi, kada ki canza masa bango, ki bar shi da tabon kwatarsa.

Kwanar Tsamiya ba ta da nisa da sakatariyar da aka tura ki, ranar kasuwarsu motoci na zuwa. Ki sami gwaggonki ta raka ki. Ki tambayi gidan Malam Iliyasu malamin asibiti, kowa zai sani. Ban san ko yana raye ba. In ya rasu, ki nemi 'ya'yansa. Ki gaishe shi irin gaisuwar da za ki yi min, ki ce ke 'yar wane ce, da sunana na yanka, ba na fim ba. Sannan ki buɗe masa shafin ƙarshe ki nuna masa koren rubutun. Ya san fayil ɗinsa ya shiga kwata, amma bai san abin da ke ciki ba. Duk shekarun nan yana ganin ya roƙa ne ba a kai ga dubawa ba. Ki gaya masa an duba, an amince tun ranar. Gwamnati ba ta hana shi ba, ni na hana shi.

Kada ki roƙa min gafara, wannan nawa ne, zan zo in yi da bakina in Allah ya ara mana kwana. Ki ba shi lambar wayata, in ya so ya kira ya faɗi abin da ke ransa, zan saurara har kati ya ƙare da gaske. In ya karɓa ya yi shiru, ki yi sallama ki taho. In ya yi faɗa, ki sunkuyar da kai, ba da ke yake ba. In kuwa ya ƙi fitowa, ya aiko a ce miki ki dawo gobe, to ki koma goben, Ummi. Shi sau huɗu ya zo.

Wannan shi ne fayil na farko da zai fita ta hannunki. Allah ya sa duk na bayansa su fita a ranar da suka shigo. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa, ya kare ki daga abin da ubanki ya kasa kare kansa. Ki gaida mamanki, ki ce mata ta yi gaskiya a kan fosta, ta yi gaskiya a kan sauran ma. Ki gaida gwaggonki da ƙannenki. Baban Manju ya ce in gaishe ki, gwiwar ta yi sauƙi, jibi zai koma ƙasarsu bai ga Beijing ba.

Na bar ki a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalam.

Naki,
Babanki